Fagge: Tsohon Masaukin Baƙin Kano

Ɗalibai da yawa suna bin Titin Ibrahim Taiwo safe da yamma, amma ba su san cewa cikin wani tsohon gari suke ratsawa ba. Wannan gari shi ne Fagge, wanda ke bayan ganuwar birnin Kano.

Masana tarihi suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nan ne Buzaye suke sauke raƙumansu idan sun iso daga Agadas da gishirin Bilma. Sukan sayar, su sayi hatsi da baƙaƙen rawuna na rini, su koma. Da haka zango ya zama gari.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sai ga sababbin baƙi. Kwarori, wato mutanen Siriya da Labanan, suka kafa kantuna a Fagge ta Kudu. A 1913 kuma aka yanka Sabon Gari a maƙwabta domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Shi kansa titin, sunan baƙo ne gare shi: Kanar Ibrahim Taiwo gwamnan soja ne na Jihar Kwara, an kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammed.

Mai son buɗe ido ya fara da Kantin Kwari, inda fatake daga Nijar, Chadi da Kamaru suke sarin atamfa da shadda. Daga nan ya ga babban Masallacin Juma'a na Fagge, sannan ya taka zuwa Ƙofar Mata, inda har yau ake rini da baba a karofi.

Abin damuwa shi ne, ana rushe tsofaffin gidajen ƙasa ana gina shaguna, dattawan da suka san labari kuma suna ƙarewa. Saboda haka, ɗalibai, a wannan hutu kowa ya ɗauki littafi da biro, ya tambayi wani dattijo a unguwarsu daga ina iyayensa suka zo, da wanda ya sauke su. Ku kawo mini abin da kuka rubuta idan an dawo makaranta.