Kwando Na Cika, Kifi Na Ƙanƙancewa

Ɗan kasuwar da ke sarin kifi a Yawuri ko Sabuwar Busa, duba girman kifin zai fi yi masa amfani a kan ƙirga kwanduna. Dalili kuwa shi ne, kogin da masunta suka yi wa yawa ba ya saurin nuna gajiyarsa a kan ma'auni. Manyan kifaye irin su giwan ruwa, waɗanda ke ɗaukar shekaru kafin su fara ƙwai, su ne ke fara ƙaranci. Da zarar sun ragu, sai ƙananan da suke ci su sami sarari, irin su karfasa da kawara masu saurin hayayyafa. Don haka kwando zai ci gaba da cika, amma kuɗinsa na raguwa, masunci kuma na ƙara awoyi a kan ruwa.

Arzikin rafukan da ke kwarara cikin Kwara ya rataya ne a kan ambaliya. Idan ruwa ya hau da damina, kifi kan bi shi zuwa fadama ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba cikin ciyawa inda abinci ya wadata. Idan ruwa ya soma janyewa sai su nufo kogi ta 'yan ƙananan mashigai, da rani kuma su taru a gurbi kaɗan masu zurfi. A waɗannan lokuta biyu ne ake yin ɓarnar. Wanda ya datse mashiga da jerin gura, ko ya share gurbi da taru mai ƙananan idanu, ya haɗa riba da uwar kuɗi ya kwashe. Ba wauta ce ke sa shi ba. Ya san in ya bari, na bayansa ba zai bari ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 108 ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma ƙayyade idon koma. Sai dai rafi ba shi da ƙofa, ma'aikatan sa ido kuwa ba su taɓa wadata ba.

Abin da aka gwada a tafkin Kainji ya fi jan hankali. Shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya gano cewa dala, wato tarun da ake ja don kama warangi, tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye masu yawa tun ba su kai kuɗi ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka hana amfani da ita, kuma an bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa wajen tabbatar da hanin, domin su ne suka san mai kowane kwalekwale da inda yake kwana.