Wane Ne Gwanin Gwanaye a Damben Zamani?

Sau da yawa mukan ji ɗalibai suna gardama a kan ɗan damben da ya fi kowa. Abin da ke rikita zancen shi ne nauyi. A damben zamani sai an auna mutum kafin ya shiga fage, kowa da ajinsa. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya zama zakaran duniya a 1957 a ajin kilo 57. Wa zai haɗa shi da ƙato kamar Muhammad Ali?

Don haka masana sukan ce a ɗauka duk nauyinsu ɗaya ne, sai a dubi gwaninta kawai. Mu dai muna ganin wannan awon zuci ne. Gara a dubi wanda ya bar ajinsa ya hau na sama, ya kuma ci nasara. Dick Tiger namu ya ci kambin ajin kilo 72 a 1962, ya hau na kilo 79, ya doke José Torres a 1966. Hawan nan ba wasa ba ne. Bob Foster, wanda ya ƙwace kambin daga hannun Tiger a 1968, ya gwada ajin ƙattai a 1970. Turmi biyu kacal ya yi a gaban Joe Frazier.