Yadda Ake Ciro Kobalt Daga Mataccen Batirin Wayarka Da Kananzir

Batirin wayarka ya kumbura, mai gyara ya cire ya saka sabo, tsohon kuma ya tafi bola. Abin da ka jefar ɗin yana ɗauke da kobalt, ƙarfen da kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Ana iya dawo da shi, kuma dabarar ba ta wuce abin da ka sani tun kana yaro ba: mai da ruwa ba sa haɗuwa.

A masana'anta, sai an zuƙe cajin batiran kafin a niƙa su, su zama wani baƙin gari. A jiƙa garin da asid irin na ruwan batirin mota, ƙarafan su narke. Matsalar a nan take, domin kobalt da nikel da manganis da litiyam duk suna cikin ruwa guda, ga kuma kobalt da nikel kamar Hassan da Hussaini suke a ɗabi'a.

Sai a kawo ruwa na biyu, tataccen mai dangin kananzir, wanda aka narkar da wani sinadari mai kamun ƙarfe a cikinsa. A kaɗa su tare, a bar su su kwanta. Man ya taso sama da ƙarfen da ya kamo, sauran su zauna a ƙasa. Galibi da D2EHPA ake fara kwashe manganis, sannan Cyanex 272 ya kamo kobalt ya ƙyale nikel, in an daidaita tsamin ruwan wajen pH 5. Da ido ma ana ganin aikin: kobalt a ruwa launinsa ruwan hoda ne, yana shiga man sai ya koma shuɗi. Daga baya a sake wanke man da asid, kobalt ya sauka, man ya koma bakin aiki.

Me ya sa kananzir? Ba ya gaurayuwa da ruwa, wannan shi ne sharaɗi na farko, shi ya sa itanol ba zai yi ba ko kaɗan. Nauyinsa wajen giram 0.8 ne a kowace mililita, na ruwa giram 1, don haka suna rabuwa da wuri. Yana da araha, kuma ba ya saurin kama wuta kamar fetur. A ɗakin gwaji akwai wasu: itail asitet yana tasowa sama, dikuloromitan kuwa, mai nauyin 1.33, nutsewa yake ƙasa. Wanda ya ɗauka mai kullum a sama yake, zai zubar da abin da yake nema da hannunsa. Lafiya ma ana dubawa. Benzin yana jawo kansar jini, dikuloromitan kuma a 2024 Amurka ta haramta yawancin ayyukan da ake yi da shi.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai rubuta manhaja, shi ne maimaitawa. A ce kowane zagaye yana kwashe kashi 80 na kobalt ɗin da ya rage. Zagaye na farko ya bar 20, na biyu ya bar 4, na uku 0.8 kacal. Shi ya sa ake jera tankuna da yawa, wannan na miƙa wa wancan, maimakon ƙaton tanki ɗaya.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa zuwa ƙarshen 2027 dole masu sake sarrafa batir su riƙa ceto kashi 90 na kobalt ɗin da ke ciki. Mu a nan, har yanzu ƙona kayan lantarki ake yi don a samu jan ƙarfe, kamar yadda aka daɗe ana yi a da a Agbogbloshie da ke Akara, matasa suna shaƙar hayaƙin.

Bidiyoyin YouTube masu koya wannan aiki a tsakar gida kuwa, ni dai ban yarda da su ba. Batirin litiyam in aka huda shi yana iya kamawa da wuta, kuma ba ka da injin zuƙe tururin asid. In naka ya kumbura, daina caja shi, kada ka danne shi, ka rufe bakin wayoyinsa da salatif, ka ajiye shi nesa da zafi da katifa, sannan ka tambayi mai gyaranka ina yake kai waɗanda yake cirewa.