Kwamfutar da ke daskarewa kafin ta tashi: Abin da ya kamata a duba kafin a yi mata fomat

A garuruwa irin su Fakku da ke Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, kwamfutar tebur guda ɗaya kan ɗauki nauyin jama'a da yawa. Ita ke buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure, ita ke ajiye sakamakon ɗalibai, kuma da ita ake fitar wa matasa takardar shiga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya.

Shi ya sa ranar da ta fara gardama ba mai ita kaɗai ke shiga damuwa ba. An tayar da janareta, an danna maɓalli, fanka ta kama juyawa, tambarin HP ko Dell ya bayyana, sai ta tsaya cik. Minti biyar, minti goma, wani lokaci har ashirin, fetur na ƙonewa, masu jira na duba agogo. Can sai ta tashi ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru.

Wannan tashin da take yi daga baya shi ke yaudarar mutane, su yi ta haƙuri da ita har ranar da za ta ƙi tashi sam. Daga nan sai a ɗaure ta a bayan babur a nufi Tambuwal, ko a shiga mota zuwa Jega ko Sakkwato, inda sau da yawa maganar farko da za a ji ita ce a yi mata fomat.

Fomat kuwa shara ce: tana kwashe duk abin da ke ɓangaren da aka goge, kuma idan ciwon na ƙarfe ne, ba za ta warkar da shi ba.

A ina take tsayawa?

Kwamfuta ba ta tashi a lokaci guda. Da farko wata ƙaramar manhaja da ke cikin babban allonta, wadda ake kira BIOS, tana bin kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar suna nan. Sannan ta miƙa ragama ga Windows. Daga ƙarshe sauran manhajoji su buɗe. Wurin da ta tsaya a cikin matakan nan uku shi ke nuna inda matsalar take.

Idan a kan tambarin kamfani take daskarewa, Windows bai ma fara aiki ba, don haka goge shi ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a kashe ta, a zare duk abin da aka jona mata, firinta da filash da na'urar ɗaukar hoton takardu da wayar da ake caji, a bar kibod da allon kallo kawai. Idan ta tashi nan take, sai a riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin. Filash ɗin da ya lalace kan sa BIOS ta yi ta jiran amsarsa.

Sai kuma wani ɗan batiri mai kama da kwabo da ke maƙale a babban allon, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin kwamfuta idan babu wuta. Kwamfutocin gwanjo kan iso da shi ya riga ya tsufa. Alamarsa ba ta ɓuya: kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, wani lokaci kwamfutar ta nemi a danna F1. Idan saitin ya rikice, tana iya ɓata lokaci wajen neman Windows a inda ba ya nan. Ana gyara wannan a shiga BIOS, da F2 a Dell ko F10 a HP, a sa faifan ajiya a sahun farko. Batirin kuwa ko a wajen masu gyaran agogo akan same shi.

Ƙurar hunturu ma na da nata rabon. Takan toshe fanka, ta kwanta a ramin da RAM ke zama. A cire wayar wuta, a buɗe murfin, a hure ƙurar, a zare RAM a mayar da shi har sai ya kama da kyau. Akwatin wutar da ke can ciki dai ba a buɗe shi, domin yakan riƙe wuta ko bayan an kashe.

Idan faifan ne ke mutuwa

Tsayawar da ta fi haɗari ita ce wadda ke zuwa bayan tambarin Windows ya fito, ɗigogin nan suna ta zagaye ba iyaka.

Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur na amfani da faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had dis. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi dab da shi. Duk sanda wuta ta ɗauke, ko janareta ya mutu ana tsakar aiki, rubutun da ake yi kan faifan yakan katse. Shi ya sa a tashi na gaba Windows kan tsaya duba faifan, kuma a irin wannan lokaci kashe ta da ƙarfi ƙara wa ciwo gishiri ne.

Idan kuwa wasu sassan faifan sun riga sun lalace, kwamfutar za ta yi ta maimaita karanta wuri ɗaya har ta samu ko ta haƙura. Mintunan da ake zaman jira ke nan. Fitilar faifan takan tsaya a kunne ba ƙiftawa, wani lokaci a ji ƙara ƙas-ƙas daga ciki.

Faifan da kansa yana ajiye bayanin lafiyarsa. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta shi ta nuna ko lafiya lau ne ko akwai gargaɗi. Dell na da nata gwajin da ake samu ta F12, HP kuma ta Esc sannan F2.

Duk wanda ya ga gargaɗi ko ya ji wannan ƙara, aikin farko ba gyara ba ne. Ranar da ta yarda ta tashi, a kwashe takardun jama'a zuwa filash mai kyau ko wani faifan, a fara da waɗanda ba za a iya sake bugawa ba. Ɗora sabon Windows a kan faifan da ke gargara yakan ƙarasa shi ne, tare da sakamakon ɗalibai na shekaru.

Mataki na uku shi ne mafi sauƙi. Idan fuskar Windows ta buɗe amma komai ya ƙi motsi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba jerin manhajojin da ke tashi da kwamfutar, a kashe waɗanda ba a buƙata. A shagon da kowa ke zuwa da filash ɗinsa, ya kamata a bincika ƙwayar cutar kwamfuta ma.

Ga wanda faifansa ya gaza, mafita ita ce SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, wadda kan sa tsohuwar kwamfuta ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ana samunta a shagunan kwamfuta na Sakkwato da Kano. Sai dai ita ma ba ta son yankewar wuta, don haka ƙaramin UPS da zai ba da 'yan mintunan kashewa a tsanake yana da amfani ko da sola ake aiki.

Idan tafiya wajen mai gyara ta zama dole, a tafi da bayani: a ina take tsayawa, minti nawa, tun yaushe, kuma me aka jona mata kafin ta fara. A kuma ce masa kada ya goge komai sai an kwashe, sannan a karɓo tsohon faifan a dawo da shi gida, domin takardun mutanen gari na cikinsa.