Kafin ka yarda da takardar gwajin jini: Aikin da ake yi a bayan ƙofar ɗakin gwaje-gwaje

Cikin takardun da ma'aikacin gwamnati ke ajiyewa, kaɗan ne suka kai takardar sakamakon gwajin asibiti nauyi, duk da ƙanƙantarta. Da ita ake ɗora mutum kan maganin ciwon suga na tsawon rai. Da ita ake cike fayil ɗin sabon ma'aikaci. Da ita kuma ake ɗaura aure ko a fasa: a Jihar Kano, tun shekarar 2024 doka ta wajabta wa masu shirin aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila.

Sai dai mafi yawan masu karɓar takardar ba su da hanyar sanin ko lambar da ke jikinta gaskiya ce. Abin da ido ke gani shi ne tayil mai sheƙi, na'urar sanyaya ɗaki da hatimi a ƙasan takarda, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ke auna jini. Gaskiyar lambar ta rataya ne a kan wani aiki da majinyaci ba ya gani: auna na'ura kullum don a tabbatar tana faɗin daidai, da tsare kowane mataki tun daga rubuta sunan majinyaci har zuwa miƙa sakamako ga likita.

Dutsen awo na ɗakin gwaji

Mahauci mai amana yakan ɗora dutsen da ya san nauyinsa a kan sikeli kafin ya fara sayar da nama. Idan dutsen kilo ɗaya ya nuna kilo ɗaya da kwata, ya san sikelin ne ya karkace. Ɗakin gwaji ma yana da nasa dutsen, wato wani samfuri na musamman da kamfani ke haɗawa, wanda an riga an san yawan suga ko gishirin da ke cikinsa. Kafin a taɓa jinin majinyaci, wannan samfurin ake fara bai wa na'ura, galibi kashi biyu: ɗaya mai adadi irin na lafiyayyen mutum, ɗaya irin na marar lafiya.

Lambar da na'urar ta bayar kowace rana ana ɗiga ta a kan wani jadawali mai layi a tsakiya da layuka uku-uku a sama da ƙasa. Wasu masana biyu a Amurka, Levey da Jennings, su suka shigo da wannan jadawali cikin aikin asibiti a 1950, bayan sun aro dabarar daga masana'antu. A 1981 James Westgard ya fitar da ƙa'idojin karanta shi. Idan ɗigo ɗaya ya tsallake layi na uku, a dakatar da aiki. Idan ɗigo biyu a jere suka haura layi na biyu ta ɓangare guda, haka nan. Idan kuma goma suka jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, alama ce na'urar tana zamewa sannu a hankali, ko da babu ɗigon da ya yi nisa.

Irin wannan zamewa ita ta fi haɗari, domin ba ta zuwa da hayaniya. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen tabbatar da ciwon suga ga wanda ya kwana bai ci abinci ba shi ne 7.0. Na'urar da ke ƙara kaɗan a kan kowane jini za ta iya mayar da mai 6.6 mai ciwon suga, wadda ke ragewa kuma ta sallami mai ciwon ya koma gida da kwanciyar hankali.

Kuskuren da ke riga na'ura

Duk da haka, ba a cikin na'ura aka fi tafka kuskure ba. Binciken da Mario Plebani da Paolo Carraro suka yi a asibitin jami'ar Padua ta Italiya, wanda aka wallafa a 1997, ya nuna cewa kimanin biyu bisa uku na kurakuran da suka gano sun auku ne tun kafin samfuri ya shiga na'ura.

Misalan ba su da nisa. An ɗibi jinin mutum biyu masu suna iri ɗaya, aka bari sai daga baya za a rubuta suna a jikin kwalba. An bar jinin gwajin suga a kan tebur sa'o'i cikin kwalbar da ba ta dace ba, ƙwayoyin jinin suka ci gaba da cinye sugan, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. An matsa sirinji da ƙarfi har ƙwayoyin suka farfashe, sinadarin fotasiyam da ke cikinsu ya malalo, takarda ta nuna hauhawar da za ta tayar wa likitan ƙoda da hankali. Shi ya sa kwalaben suke da murafu masu launi daban-daban, kuma ake da jerin wadda za a fara cikawa.

A nan gida akwai ƙarin matsalar wuta da zafi. Yawancin sinadaran gwaji ana ajiye su ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firjin da ya kwana babu wuta saboda ba a tayar da janareto ba yana iya lalata su ba tare da launinsu ya canja ba. Ɗakin gwajin da ya san aikinsa yana da takarda manne a ƙofar firji, inda ake rubuta zafinsa safe da yamma.

Jarrabawa daga waje

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ɗakin gwaji ba ya ganin kuskurensa sai ya gwada kansa da wasu. A wani bincike da aka wallafa a 1947, likitoci biyu, Belk da Sunderman, sun aika samfuri iri ɗaya zuwa ɗakunan gwaji da dama a jihar Pennsylvania, amsoshin da suka dawo kuwa suka sha bamban ƙwarai. Daga nan tsarin jarrabawa daga waje ya samo tushe: wata cibiya ta aiko da samfurin da ita kaɗai ta san amsarsa, ɗakin gwaji ya auna shi kamar na majinyaci, a ba shi maki.

A Najeriya, Hukumar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti, wato MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da hurumin yi wa ɗakunan gwaji rajista, duba su da bai wa ma'aikatansu lasisi. Tana da ɗakin gwaji na ƙasa mai gudanar da irin wannan jarrabawa a Saye da ke Zariya.

A matakin duniya, mizanin da ake kira ISO 15189 shi ne ma'aunin ƙwarewa. Ya fara fitowa a 2003, kuma an sabunta shi a 2022. Da yake kai wa gare shi a tsalle ɗaya na da wuya, a 2009 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙaddamar da tsarin hawa mataki-mataki a Kigali, babban birnin Ruwanda, inda ake bai wa ɗakin gwaji taurari. Wanda ya kasa cin maki 55 cikin 100 ba shi da tauraro ko ɗaya, sai wanda ya kai 95 ke samun biyar.

Taifot da sikila

Akwai kuma lokacin da na'ura ke lafiya lau amma gwajin kansa ne mai rauni. Gwajin Widal da aka fi yi wa masu zazzaɓi ya samo asali ne tun 1896. Yana neman garkuwar da jiki ya samar ne, don haka yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin taifot a baya ko yake fama da wata cutar daban. Hanyar da ta fi tabbas ita ce rainon ƙwayar cutar daga jinin majinyaci, wadda ke ɗaukar kwanaki. Dogaro da Widal guda ɗaya yana sa mutane shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba.

Gwajin sikila ya fi wannan tsada idan aka kuskure. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar duk shekara a Najeriya. Idan aka rubuta wa mai AS cewa AA ne, gaskiyar kan fito ne bayan shekaru, a jikin yaro. Ƙa'ida ita ce a jera samfurin da aka san rukuninsa a gefen na majinyaci a kowane zagayen gwaji, a kuma tambayi mutum ko an yi masa ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce, domin jinin wani na iya rufe nasa.

Abin da ya shafi masu riƙe da fayil

Galibin ma'aikatan tarayya suna zuwa ɗakin gwajin da asibitinsu na inshorar lafiya ya tura su ne, amma hakan bai hana su tambaya ba. Shin wurin yana da rajistar MLSCN? Yana shiga jarrabawar waje? An rubuta sunanka a jikin kwalba a gabanka? Idan kuma sakamakon zai kai ga fasa aure, tiyata ko shan magani na dindindin, hikima ce a maimaita gwajin a wani wuri mai zaman kansa daga na farko, a kai wa likita takardun biyu.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu tsara kasafi da hadiman da ke rubuta wa shugabanni takardun shawara. Na'ura abu ce da ake yanke mata kyalle a ɗauki hoto, don haka samun kuɗinta bai cika wuya ba. Samfurin awo na kullum, kuɗin jarrabawar waje, kwangilar gyara, horar da ma'aikata da wutar firji kuwa kuɗaɗe ne da ke dawowa duk shekara, kuma su aka fi saurin zaftarewa idan aljihu ya yi ƙunci. Duk takardar sayen na'urar gwaji da ta iso tebur ba tare da lissafin waɗannan ba, ya kamata a mayar da ita a cike giɓin kafin a sa hannu.