Wa Zai Gyara Dandali Bayan Ruwa Ya Janye?

 A shirinmu na yau ƙasar Mayahi muka nufa a jihar Maraɗi, ƙaramar hukumar Gidan Amumune da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Tasawa. Maganar da muka ɗauko ba a cika tayar da ita ba idan ruwa ya yi ɓarna. Dandalin gari, da filin kokowa, da filin balo na yara, da inuwar da dattawa ke zama, wa ke gyara su, kuma da kuɗin wa?

Duk mai sauraronmu a Nijar yana tune da daminar 2024. Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Da aka rufe lissafin shekarar, hukumomi sun ƙidaya mutum 396 da suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma ɓarnar ta shafe su, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gwamnati ta ware biliyan 12 na sefa don agaji, ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda mutane na kwance cikin azuzuwa, ta kuma rage kuɗin siminti don a samu a tada gidaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

To, ku dubi yadda ake ƙidayar ɓarna a ƙauye. Ma'aikata su zo da takarda, maigari na gaba, a bi gida gida. Ɗaki nawa ya faɗi? Rumbu nawa ruwa ya ci? Awaki nawa, gona eka nawa, aji nawa, rijiya nawa? Kowane abu a cikin waɗannan yana da mai shi, wanda zai tsaya ya ce nawa ne, a rubuta. Rijiya ma akwai kwamitinta, aji akwai mushe da iyayen yara. Dandali ne kawai ba mai tsaya masa, domin na kowa ne. Abin da bai shiga takardar nan ba kuwa, ba ya isa Mayahi, balle Maraɗi, balle Yamai. Ranar rabon kuɗi ba a hana shi komai ba, ba a ma san da shi ba.

Wani zai ce, fili ai fili ne, me ruwa zai yi masa? Wanda ya san ƙasar jigawa ba zai yi wannan tambaya ba. Ƙasar Mayahi yashi ce, kuma ruwa mai ƙarfi in ya sauka lokaci guda yana neman gangare, ya bi hanyar shanu da ta amalanke, ya tsaga ƙasa. Bana 'yar tsaga ce da yaro ke tsallakewa, baɗi ta zama kwazazzabo da ya raba filin biyu. Inda bai tsaga ba sai ya jibge yashi, ko ya kwanta makonni ya zama gidan sauro. Wannan ɓarnar ruwa ke nan, kuma ita ce mai sauƙi.

Wadda ta fi wuyar gyara tana zuwa ne bayan ruwa ya janye, kuma ba mugunta ke kawo ta ba, larura ce. Wanda ɗakinsa ya faɗi dole ya kafa bukka a wani wuri, wurin da babu mai korarsa kuwa shi ne filin jama'a. A ce masa zauna nan kafin ka gyara. Kafin a ankara zana ta zama katanga, katanga ta zama gida, kuma babu mai zuciyar da zai tada mutumin da ya rasa komai. A gefe guda gari duka na buga tubali, ƙasar gini kuwa sai an haƙa, sai a haƙa a bakin fili don ya fi kusa. Ramin ya zama kududdufi, damina ta gaba ya cika, yara na wasa a bakinsa. Haka fili ke ƙarewa, taku biyar nan, taku goma can, ba tare da an taɓa zama an yanke shawarar a kashe shi ba.

Ni dai abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda wannan fili ke ɗauke da su. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaron Gidan Amumune ba shi da gidan kallo, ba shi da lambun shaƙatawa irin na birni. Abin da yake da shi shi ne wannan yashin da yake langa a kai, yake buga balo da yamma, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata. Nan ake kokowa bayan an kai amfani gida, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Takobin gasar kokowar da duk ƙasa ke tsayawa kallo, tun gasar farko a Tawa a 1975 wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ba a babban fage ake fara neman sa ba. A irin wannan fili yaro ke fara koyon kama ƙafa. Kuma ku lura, ranar da motar agaji ta zo da hatsi, a wannan filin take tsayawa. Nan ake allurar rigakafi, nan ake taron gari, a wasu garuruwan nan ake sallar idi.

Na san abin da wani magidanci ke cewa yanzu a gindin rediyonsa: malam, rumbuna ya tafi, kana yi mini zancen wasa? Gaskiyarka, baba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu mai hankalin da zai sa fili gaban hatsi da magani da rufin ɗaki. Abin da nake roƙo shi ne ya samu layinsa a takarda, ko da shi ne na ƙarshe.

Akwai ƙasashen da suka yi haka. A Amurka, ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, idan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, hukumar FEMA tana tallafa wa ƙananan hukumomi su gyara kayan jama'a, kuma an kasa kayan gida gida: hanyoyi da gadoji, madatsun ruwa, gine-gine, ruwa da wuta, sai rukuni na ƙarshe wanda ya ƙunshi wuraren shaƙatawa da filayen wasa. Gwamnatin tarayya na ɗaukar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kuɗin, sauran a kan jiha da ƙaramar hukuma. Aljihunsu ba namu ba ne, wannan kowa ya sani. Amma gurbin da suka buɗe a takardar ƙidaya bai ci musu ko dala ba, kuma shi ne ke sa mai ƙidaya ya je ya duba filin.

A nan gida hanyar kuɗin tana nan, sai dai siririya ce. Tun 2008 aka kafa hukumar ANFICT don isar da tallafin gwamnati da na abokan hulɗa ga ƙananan hukumomi. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da kundin tsarin ci gabanta na shekaru, daga cikinsa ake tsamo ayyukan kowace shekara, kuma duk mai son ba da kuɗi kundin nan yake fara buɗewa. Daga watan Afrilun 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da su, don haka ƙofarsu ce za a ƙwanƙwasa. Abin da ƙaramar hukuma ta karkara ke tarawa da kanta, harajin kai da kuɗin kasuwa, da ƙyar yake biyan ma'aikata.

Manyan kuɗi kuwa birni suka sani. Maraɗi Kwalliya a 2015 ta gyara birnin Maraɗi don bikin 18 ga Disamba. Shirin PIDUREM, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 250 na Amurka a 2022 don yaƙi da ambaliya, birane ya nufa. Ba mu ƙi ba, mutanen birni ma ruwa na cin su. Sai dai yawancin 'yan Nijar a karkara suke, kuma abin da filin ƙauye ke bukata bai kai kuɗin kwalbati ɗaya na birni ba.

Me yake bukata? Kafin komai, iyaka da takarda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Su ne ke shata burtali da makiyaya, ana kafa alama kowa ya gani. Abin da aka yi wa hanyar shanu ana iya neman a yi wa filin yara: maigari da liman da sarkin samari da shugabar mata su taka iyakarsa gaban shaidu, a rubuta. Wanda larura ta zaunar a ciki a nema masa wani wuri da mutunci, a kuma nuna wa masu tubali inda za su haƙa nesa da gidaje.

Sauran aikin hannu ne, kuma mutanen wannan yanki ba baƙinsa ba ne. A jihar Maraɗi aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, har aka kiyasta hekta miliyan biyar sun farfaɗo a Nijar. Mutanen da suka yi wannan sun san yadda ake tare yashi. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi ya koya musu darajar goriba. A toshe bakin kwazazzabo tun yana ƙarami da buhunan yashi da rassa, a dasa gamba ta riƙe ƙasa, a zagaye filin da dogon yaro da aduwa, a killace dashen daga awaki har ya kama. Duk rani ana ayyukan gyaran ƙasa da ake biyan mutane kuɗi a hannu, ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako. In an sa filin gari cikin wuraren da za a yi wa wannan aiki, saurayi ya samu na cefane a gida a lokacin da ake tafiya ci-rani, garin kuma ya samu filinsa. Dattawan da suka ga zamanin samariya a mulkin Seyni Kunce sun san abin da matasa ke iya ginawa da gayya in an ba su kayan aiki.

Lokacin yin maganar shi ne kaka, kafin ƙaramar hukuma ta rufe kasafin shekara mai zuwa, kuma kafin a fara buga tubali. Ranka ya daɗe maigari, idan masu ƙidaya suka zo, bayan an gama da gidaje da rumbuna, a kai su su ga filin, a auna tsawon tsagar da ruwa ya yi, a ce su rubuta. Samari kuma ku kai kwafin takardar ofishin ƙaramar hukuma da kanku, ku karɓi shaidar an karɓa, ku koma ku tambaya.