Ciwon laushin ƙashi: rana da nono su ne rigakafinsa

A garuruwa da ƙauyukan ƙasarmu, daga Tawa har Damagaram, ba a rasa ganin yaro ɗan shekara 3 ko 4 wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka, ko mai gwame wanda gwiwoyinsa ke gugar juna in yana tafiya. Wasu su ce gado ne. Wasu su ce goyo ne ya yi yawa, ko an tsai da shi tun bai isa ba. Wasu kuma su ce iska ce ta taɓa shi. Sau da yawa abin ciwo ne, ciwon laushin ƙashi, wanda ma'aikatan kiyon lafiya ke ce ma rashitis. An san dalilinsa, an san maganinsa, kuma rigakafinsa yana cikin gidajenmu.

Abu biyu ƙashi yake bukata

Ƙashi gini ne. Abin da ake gina shi da shi wani sinadari ne mai kama da alli, sunansa kalsiyom. Daga abinci muke samun sa. To amma kalsiyom ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda ya kamata sai da taimakon bitamin D. Mu kwatanta da mai ginin ɗaki: kalsiyom shi ne ƙasar gini, bitamin D shi ne jakin da ke ɗauko ta daga kududdufi. In akwai ƙasa babu jaki, gini ya tsaya. In akwai jaki babu ƙasa, gini ya tsaya. Yaron da ya rasa ɗaya daga cikin biyun nan, ƙashinsa zai ci gaba da tsawo amma ba zai yi ƙwari ba. Ranar da ya fara tsayuwa, nauyin jikinsa sai ya tanƙwara ƙafafun.

Bitamin D ya bambanta da sauran bitamin. Mafi yawansa jiki ne ke yin abinsa. In hasken rana ya sauka bisa fata, fata ta haɗa shi, ya bi jini zuwa hanta, daga hanta zuwa ƙoda. Can ne yake gama nuna, ya soma aiki. Abincin da ke ɗauke da shi kaɗan ne: kifi mai mai, kamar sardin, gwaiduwar ƙwai, da hanta. Hatsi, dawa, masara, wake da rogo ba su da shi. Nonon uwa, duk da ya fi kowane abinci amfani ga jinjiri, bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne.

Turawa sun sha wahalar wannan ciwo kafin su gane shi. A manyan biranen Ingila, lokacin da hayaƙin masana'antu ya rufe sama, yaran talakawa da yawa sun tashi da karkatattun ƙafafu. A shekara ta 1919 wani likita a birnin Berlin na Jamus, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara da wata fitila mai haske irin na rana. A 1922 wani masani a Amurka, Elmer McCollum, ya nuna akwai wani sinadari cikin man hantar kifi mai gyara ƙashi, shi ne aka sa ma suna bitamin D.

Ga rana, ina aka samu rashi?

Mai karatu zai ce: wannan zancen ƙasashen sanyi ne, mu nan Nijar rana har ta yi muna yawa. Masana ma sun daɗe suna zaton haka. Amma a shekara ta 2020 an tattara awon jinin mutum fiye da 21,000 daga ƙasashen Afirka 23, aka tarar wajen mutum 1 cikin 3 bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Abin ya fi yawa ga jarirai sabbin haihuwa, da mata, da mazauna birni.

Dalili shi ne, ranar da ke sama ba ta amfanin ƙashi sai ta taɓa fata. Tufafi suna tare ta. Gilashin taga yana tare ta. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinta. Baƙar fata kuma, wadda ke kare mu daga ƙunar rana, tana bukatar lokaci fiye da farar fata kafin ta haɗa bitamin D daidai gwargwado.

Manomi da makiyayi da mai zuwa rijiya ba su da damuwa ta wannan wajen. Waɗanda ya kamata a duba su ne matar da ke wuni cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, da tsoho ko majinyacin da ba ya fita, da ma'aikacin da ke shiga biro da safe ba ya fitowa sai marece. Sai kuma jinjiri. Ɗan da ke ciki daga jikin uwarsa yake ɗibar guzurin bitamin D. In uwa ba ta da shi, haka zai zo duniya hannu wofi. Daga nan a yi kwana arba'in cikin ɗaki, sa'an nan ya koma baya cikin zane, an lulluɓe shi har kai. Bakwaini ya fi kowa shiga haɗari, don bai daɗe a ciki ba balle ya tara guzuri.

Abin da aka gano a Jos

Akwai kuma yaran da ke wuni tsakar rana suna wasa, amma ƙafafunsu sun lanƙwashe. Wannan ya daɗe yana ɗaure ma likitoci kai. A garin Jos na Nijeriya, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun ɗauki yara 123 masu laushin ƙashi, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su bitamin D kaɗai, kashi ɗaya kalsiyom kaɗai, kashi na uku aka haɗa musu duka biyu. Bayan sati 24 aka sake ɗaukar hoton ƙashinsu. Sakamakon ya fito a 1999: yaran da suka samu kalsiyom, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda suka samu bitamin D kaɗai warkewa.

Da aka duba cimarsu, sai aka tarar kalsiyom ɗin da suke samu a wuni wajen miligiram 200 ne kawai. Masana sun ce yaron da ya wuce shekara 1, in yana samun ƙasa da miligiram 300 a wuni yana cikin haɗari, in ya samu fiye da 500 ya wadatu. Yaran Jos masara ce yawancin abincinsu, nono kuwa ba su cika samu ba.

Wannan darasi namu ne. Yaron da aka yaye, aka bar shi da kunu da tuwo da fura mai ruwa tsululu, cikinsa zai cika amma ƙashinsa yana jin yunwa. Bayan haka, cikin dusar hatsi da dawa da masara akwai wani sinadari mai riƙe kalsiyom, ya hana hanji tsotse shi. Kuma in kalsiyom ya yi ƙaranci, jiki yana saurin cinye ɗan bitamin D ɗin da yake da shi. Rashin ɗaya yana jawo rashin ɗayan.

Alamomin da za a lura da su

Tun kafin yaro ya fara tafiya ana iya ganewa. Maɗigarsa tana daɗewa ba ta rufe ba, har ya wuce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Goshinsa ya turo. Wuyan hannunsa ya yi kauri kamar ya sa munduwa ƙarƙashin fata. A gefen ƙirji, inda haƙarƙari ke haɗuwa, a ji ƙulli-ƙulli a jere kamar ƴaƴan tazbaha. Haƙora su makara. Zama da rarrafe da tafiya duk su makara, jikinsa ya yi laƙwas. In ya girma kaɗan, ya riƙa kukan ƙafa, ya fi son zama bisa ga wasa, tsawonsa ya kasa na tsaransa.

Wani lokaci kalsiyom ɗin jini yana faɗuwa ƙwarai, jinjiri ya kama jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, hannuwa da ƙafafu su sandare. Wannan na gaugawa ne, a kai shi likita nan take. Ƙirjin da ya yi laushi kuma ba ya buɗewa sosai, shi ya sa ciwon huhu ya fi tsanani ga irin waɗannan yara.

Amma kada hankalin iyaye ya tashi a banza. Yawancin yara suna da ɗan lanƙwasar ƙafa kafin shekara 2, da ɗan gwame wajen shekara 3 zuwa 4, kuma yana miƙewa da kansa. Abin dubawa shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa, ko ta ƙafa ɗaya, ko wadda ta zo da ciwo da sauran alamomin da muka zana.

Ɗiya mace tana da wani haɗari na dabam. In ƙashin ƙugunta ya tanƙware tun tana ƙarama, haka zai daskare. Ranar da ta zo haihuwa, hanya ta yi ƙunci, naƙuda ta yi tsawo, ran uwa da na ɗa su shiga haɗari. Ke nan nonon da aka hana yarinya tana shekara 2, ana iya biyan bashinsa bayan shekara 20.

Manya ma ba su tsira ba. Ƙashin babba ya gama tsawo, ba ya lanƙwashewa kamar na yaro, amma yana yin laushi. Mace mai haihuwa kusa da kusa ta riƙa jin ciwon baya da ƙugu da cinyoyi, tashi daga tabarma ya gagare ta sai ta dafa, tafiyarta ta koma ta agwagwa. Sau da yawa a ce sanyi ne. Tsofaffi kuma ƙarfin naman jikinsu ya ragu, su riƙa faɗuwa, ƙashi ya karye da abin da bai kai ya kawo ba.

Rigakafi cikin gida

Na farko, rana. Ba sai mace ta bar gidanta ba, tsakar gida ta isa. Ta fito da aikinta fili da hantsi, tsintar wake ko wanki ko kitso, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci, sau da yawa cikin sati. Ranar sassafe da ta kusan faɗuwa ba su da ƙarfin wannan aiki. Ga ma'auni mai sauƙi: in inuwar mutum ta fara gajarta har ta kusa tsawonsa ko ta kasa, to ranar tana aiki. Mai ciki da mai shayarwa su suka fi bukata. Yaron da ya fara rarrafe a bar shi ya yi wasa a fili. Tsoho a fitar masa da tabarma. Jinjirin da bai kai wata 6 ba, ba a shanya shi cikin rana mai zafi. Masana na duniya sun daidaita a 2016 cewa a riƙa ɗiga ma kowane jinjiri awo 400 na bitamin D, wato mikrogiram 10, kullum har ya cika shekara, mai ciki kuma ta samu awo 600. A tambayi ma'aikatan likita wajen awon ciki da awon yara.

Na biyu, nono. Uwa ta ba ɗanta nononta kaɗai har wata 6, ta ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci. Bayan yaye kada nono ya yanke. Rubu'in lita na nonon saniya ko na akuya yana da kalsiyom wajen miligiram 300, rabin lita ke nan ya biya bukatar ƙaramin yaro ta wuni. Kindirmo da cuku duk suna da shi. Jar akuyar Maraɗi guda, in ana kula da ita, taimako ce babba ga yaran gida. Kafin a kai ƙwarya kasuwa, a ɗebe rabon yara. A tafasa ɗanyen nono kafin a ba su.

Da rani, in dabbobi sun ƙafe, akwai madadi. Ƙananan busassun kifi, irin na Madarunfa, Tabalak, kogin Kwara ko tafkin Cadi, a daka su har da ƙayarsu su yi laushi, a zuba cikin miya ko kunun yaro, don kalsiyom cikin ƙayar yake. Likitocin Jos sun gwada garin kifin nan ga yara masu ciwon, ya yi aiki. Kuka da zogale ma suna da kalsiyom mai yawa. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami, yana rage sinadarin nan mai riƙe kalsiyom. Kanwa kuwa, ko da fara ce, ba ta maye gurbinsa. A bar hana yara ƙwai.

In ciwon ya riga ya kama

A kai yaro likita da wuri. Akwai ciwon ƙoda da wasu cututtukan gado masu lanƙwasa ƙafa, likita ne zai bambance. In laushin ƙashi ne na rashin abinci, magani bitamin D ne tare da kalsiyom, aƙalla wata 3 ba fashi. Ciwon ƙafa yana saurin lafawa. Miƙewar ƙafa kuwa tana ɗaukar shekara ko fiye, sai an yi haƙuri. Ƙaramin yaro sau da yawa ƙafarsa tana miƙewa da kanta bayan magani, wanda aka bari ya girma kuwa wani lokaci sai an yi masa aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaure ƙafa da karare, ko tsaga, ko lalas, ba su sa ƙashi ya yi ƙwari.

A kula da abu biyu. Jan ƙwanso ko shuɗi da ake matsa ma yara a baki lokacin rigakafi, bitamin A ne, na ido da ƙarfin jiki. Yana da amfani ƙwarai, amma ba shi ne D ba. Sa'an nan kada a sayi bitamin D wajen masu tallar magani a sha barkatai. Jiki yana ajiye shi, in ya yi yawa yana kawo amai da ƙishirwa, har ya ɓata ƙoda. Masu cewa yana maganin kowace cuta su ma a yi hattara da su: a Amurka an gwada shi ga manya kusan 26,000 har shekara 5, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna ya hana ciwon daji ko ciwon zuciya ba. Aikinsa da aka tabbatar shi ne na ƙashi.

Ƴan uwa masu karatu, wanda ya karanta wannan ya bayyana ma wanda bai iya ba, musamman iyaye mata da unguwar zoma. Maigida ya duba wuyan hannun yaransa da tafiyarsu, ya tambaya ko akwai nono cikin furarsu yau.